Lugaimat ɗina yana shan mai kuma yana yin laushi kafin a sha ruwa

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ina zaune a Makka wajen Rusaifa, ina so in fara yin lugaimat na sayarwa daga gida a azumin nan. Ina kwaɓa shi kamar yadda muke kwaɓa fanke amma sai ya sha mai, kuma kafin a kira magariba ya yi laushi, baya yin garas garas irin na shago. Sannan naga ana yayin masu man biskit ɗin Lotus da cakulan Nutella da fistak wato pistachio, har da biskit ɗin Oreo soyayye. Da waɗannan zan fara ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a nema. Toh ai kin riga kin faɗi inda matsalar take da bakinki, tunda kika ce kwaɓin fanke kike yi. A ido suna kama, duka fulawa ce da yis, duka dunƙule ake jefawa a mai, amma abinda ake nema a fanke daban abinda ake nema a lugaimat daban. Fanke ana son shi da laushi da ɗan nauyi, zaƙinsa a cikin kwaɓin yake shiyasa muke zuba sukari har rabin kofi ko fiye. Shi kuwa lugaimat ɓawo ake nema, siriri busasshe wanda idan aka ciza za'a ji ƙarar sa, cikinsa kusan iska ce, zaƙin kuma daga waje yake zuwa bayan an gama suya. Indai kika zuba sukarin fanke a ciki to kin gama kashe shi tun kafin ya shiga mai.

Bari in miki bayanin dalili don ki riƙe, ba wai kawai in baki awo ba. Sukari abu biyu yake yi. Na farko yana sa abu ya yi ja da wuri a cikin mai, sai ki ga kala ta yi kyau ki kwashe alhali ruwan dake bayan kwaɓin bai gama fita ba, ɓawon bai bushe ba. Na biyu sukari yana janyo laima, ko daga iska ko daga cikin shi kansa abin da kika soya, shiyasa bayan minti ashirin sai ki taɓa ki ji ya saki. A kwaɓin lugaimat ƙaramin cokali ɗaya na sukari ya isa, shima don yis ya samu abinda zai ci ne ya tashi.

Awon da nake amfani da shi: fulawa kofi 2, sitacin masara wanda a bagala, wato shagon kayan masarufi, zaki ce a baki nasha babban cokali 2 zuwa 3, yis irin na gari babban cokali 1 ba a cika ba, sukari ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan kaɗan, mai babban cokali 1, ruwa wajen kofi ɗaya da rabi. Ruwan kar ki juye shi gaba ɗaya, fulawa ba ɗaya bace, wata tafi wata sha, wadda aka rubuta fakhir a jiki daban da ta Kuwait da mutane suke so daban, don haka ki dinga zubawa kina dubawa. Kwaɓin ya fi na fanke ɗan ruwa kaɗan amma idan kika ɗago shi da hannu ya biyo ki yana jan jiki, kar ya tsinke ya zuba kamar kunu. Nashan nan shine sirrin da yawancin mutanenmu basu sani ba, shi baya yin danƙo irin na fulawa, idan ya soyu bushewa yake ya yi ƙarfi. Wasu garin shinkafa suke sawa a madadinsa kuma yana yi, wasu garin kastad don ya basu kalar ɗorawa. Akwai masu zuba zabadi wato yogot ko madarar gari, yana ƙara ɗanɗano gaskiya amma madara ma tana da nata sukarin, tana sa shi ja da wuri kuma tana tausasa shi, in don sayarwa ne ni bana sawa. Ƙwai kuwa ki barshi kwata kwata.

Ki buga shi sosai da hannu, minti biyar zuwa goma, kina ɗagowa kina makawa har ya yi sumul ba gudaji.

Sai maganar tashi, kuma anan ne garin Makka yake cin mutane. Waɗanda kike gani a YouTube suna cewa a barshi awa biyu, da yawansu a ƙasar sanyi suke. Kicin ɗinki a Rusaifa da rana ga zafin gari ga gas a kunne, minti talatin zuwa arba'in ya ninka. In ya wuce haka zai fara tsami, ramukan cikinsa su yi manya manya, ƙarfin kwaɓin ya mutu, kuma irin wannan shine yake shan mai kamar me. Alamarsa zaki ji yana warin tsami kuma saman ya faɗa ciki. Sannan ki kula da ruwan famfo, kinsan tankinmu a saman gida yake, lokacin zafi ruwan da yake saukowa da azahar har ƙona hannu yake, shi kuma yis idan zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 mutuwa yake. Ki taɓa da bayan hannu, ɗumi kaɗan kawai. In zaki yi kwaɓi mai yawa raba shi biyu, rabi ki saka a firji ya jira, in ba haka ba kafin ki gama soya na farko na ƙarshen ya lalace. Idan ya tashi ki sake buga shi iskar ta fita kafin ki fara jefawa, wannan ne yake sa su fito a dunƙule ba masu ƙaho ba.

Yanzu suya, wadda ita ce rabin aikin ko fiye. Kin lura idan kika jefa abu a mai yana ta tafasa yana kumfa? Ba man ne yake tafasa ba, ruwan cikin kwaɓin ne yake zama tururi yana fita da ƙarfi, kuma muddin yana fita da ƙarfi mai baya samun hanyar shiga. Da zarar man ya huce, ko don wutar tayi ƙasa ko don kin cika kaskon da yawa lokaci ɗaya, tururin sai ya yi rauni, man ya samu ƙofa. In kuma wutar tayi yawa waje ya ƙone ciki ɗanye. Shiyasa masu shago sau biyu suke soyawa. Suyar farko a mai mai matsakaicin zafi, wajen digiri 160, ki jefa su ki dinga juyawa da matsami ba tsayawa, don idan kika barsu zasu kwanta ta gefe ɗaya su ƙi juyuwa, ƙasa ja sama fari. Da sun kumbura sun yi ƙarfi sun fara ɗan sauya kala, basu yi ja ba, sai ki kwashe ki baza a faranti mai faɗi su sha iska. A wannan hutun laimar ciki take fitowa bayan ɓawon. Suya ta biyu ki ƙara wuta, wajen 180, ki maida su minti biyu zuwa uku har su yi kalar zuma, zaki ji ma ƙararsu ta canza idan suna bugun matsamin. Ki sayi ma'aunin zafin nan na girki, ba tsada, yafi miki kintace. In babu, ki ɗiga kwaɓi kaɗan, a suyar farko ya nutse ya ɗan jima daƙiƙa biyu uku sannan ya taso a hankali, in ya taso nan take yana ja to yayi zafi da yawa.

Kuma wannan suya biyun ita zata cece ki a azumi, domin zaki iya gama ta farko tun bayan la'asar ki ajiye su a buɗe, sai saura minti talatin ko ashirin a sha ruwa ki yi ta biyu. Mai saye ya karɓa da zafinsa. Wanda kika soya gaba ɗaya ƙarfe huɗu kika rufe a roba, ko waye ya kwaɓa shi, kafin magariba ya zama kamar tsumman da aka jiƙa.

Girman ma yana da magana. Mu mun saba da fanke cike da hannu, lugaimat kuwa loma ɗaya ne, kar ya wuce girman goro ƙarami kafin ya kumbura. Ƙarami yafi bushewa har ciki. Ki damƙi kwaɓin a hannun hagu ki matse ya ɓullo tsakanin babban yatsa da manuni, ki yanko da ƙaramin cokali da kika tsoma a mai. A mai nace ba a ruwa ba, ɗigon ruwa a tafasasshen mai kinsan abinda yake yi wa fuska. In hannunki bai saba ba ki zuba a leda mai kauri ki yanke kusurwa, ko ki duba shagunan kayan arha da ake kira abu khamsa akwai robar da aka yi don haka. Man kuma ya yi zurfi sosai su yi iyo, ƙarancin mai ma yana sa abu shan mai, mutane basa yarda da wannan amma haka ne, saboda man kaɗan saurin hucewa yake.

Shira kuma, wato ruwan sukarin da ake tsoma lugaimat a ciki, sukari kofi 2 ruwa kofi 1, ki barshi ya tafasa wajen minti goma ba tare da kina ta juyawa ba, ki matsa lemon tsami kamar ƙaramin cokali don kar ya daskare ya koma ƙwayar sukari, ki jefa hel wato cardamom biyu uku ko ɗan za'afaran ko ruwan wardi bayan kin sauke. Ki yi ta tun da safe ko ma jiya. Ƙa'idar ita ce lugaimat da zafi, shira da sanyi da kauri. In duka biyun suna da zafi zai tsotse ta har ciki ya yi lagwaf. Tsomawa kawai zaki yi ki juya ki kwashe, rabin minti ya isa. Amma in kai wa za'a yi wata unguwa, kar ki tsoma sam, zuba shirar a ƙaramin kofi mai murfi daban, su zuba da kansu. Kwalin kuma na takarda yafi roba, ki huda saman ko ki bar shi a ɗan buɗe tururi ya fita. Masu yi a Jidda sun fi mu shan wahala anan saboda laimar teku, mu a Makka iskarmu ta fi bushewa, wannan kam mun ci riba.

Ki san kuma wa kike sayar wa. Abin nan tsoho ne sosai, yana cikin wani littafin girki da aka rubuta a Bagadaza tun ƙarni na 13, kuma kowace ƙasa da yadda take cinsa. 'Yan Hijaz, wato yankin su Makka da Madina da Jidda, shira suka fi sabawa da ita. Mutanen Najad da gabas da sauran ƙasashen Khalij sun fi son dibis, wato ruwan dabino mai kauri kamar zuma, da riɗi a sama. Maƙociyarki 'yar Sudan in ta ce tana son zalabiya to kar ki jiƙa mata, garin sukari zaki barbaɗa, da shayin madara zata sha, kuma su basu damu da ya yi ƙarau sosai ba. Mutanen Sham in sun ce awwama suna nufin mai ƙara sosai wanda ya sha shira yana sheƙi. Kwaɓi ɗaya ne zai miki duk wannan, abinda zaki ɗora ne ya bambanta.

Toh sai maganar yayi. Ni bana ƙin su, kuɗi ne, yaran yanzu abinda suka gani a TikTok da Snapchat shi suke nema. Amma ki gane cewa Lotus da Nutella da fistak duk ado ne a saman abu, in na ƙasan ya sha mai ba abinda zasu ɓoye, ƙara masa nauyi ma zasu yi, mutum ya ci uku ya ji ya gundure shi. Ki fara gyara na asalin tukuna, sati ɗaya kina yi wa 'yan gida, in ya tsaya sai ki ƙara. Kuma akwai abu ɗaya da yake taimakonki anan, su waɗannan mayukan kitse ne ba ruwa ba, don haka basa jiƙa ɓawo da sauri irin shira. Ki ɗan ɗumama kwalbar a cikin ruwan zafi ya saki, ki zuba a robar matsawa ki zizara a sama, kar ki tsoma a shira sannan ki ƙara Nutella, zaƙin yayi yawa har ɗaci yake. Ɗaya zaki zaɓa. Na fistak da kunafa kuwa, wato wannan kwaɓin sirara kamar taliya, wanda ya samo asali daga cakulan ɗin Dubai ɗin nan da ya karaɗe duniya tun ƙarshen 2023, ki yi lissafi da biro kafin ki shiga, man fistak na gaske yana da tsada sosai, mai arahar kuma yawanci kala ce da sukari, masu saye suna ganewa. Kunafar ki soya ta a man shanu daban har ta yi ja, sai lokacin bayarwa ki barbaɗa.

Wanda nafi ganin yana da mai dawowa saye shine mai cuku a ciki. Ki yanka cukun Kiri ɗaya gida huɗu, kwaɓin ya fi na kullum ɗan tauri, ki lulluɓe shi ruf ba kafa, in akwai kafa zai tsiyaye a mai ya yi ta fallatsi ya ɓata miki man. Gishirin cukun da zaƙin shira suna tafiya tare, manya ma suna so ba yara kawai ba.

Oreo soyayye kuwa, wannan daga wuraren baje kolin Amurka ya fito, can ne suke gasar soya duk abinda hannu ya kai, a bikin jihar Texas an soya Coca-Cola da aka kwaɓa da fulawa a 2006, aka soya man shanu a 2009, a Sikotland kuma tun shekarun 1990 suke soya cakulan Mars a shagon kifi da dankali. Yinsa ba wuya, kwaɓi ne mai kauri da bekin foda ba yis ba, ki saka biskit ɗin a firiza ya daskare, ki tsoma ki jefa a mai mai zafi minti ɗaya zuwa biyu. Amma ra'ayina, abin ci nan take ne a tsaye, bayan minti goma ba ya ciwuwa, biskit ɗin ya narke ya koma taɓo, kuma baƙin garinsa yana ɓata mai. Ga mai sayarwa daga gida wadda sai direba ya ɗauka ya ratsa cunkoson Makka na kafin magariba, bai dace da ke ba. Mutum zai saya sau ɗaya ya ɗauki hoto shikenan.

In kina son ƙara wani abu kusa da lugaimat gara ki koyi balahus sham. Shi dafa kwaɓin ake a wuta sannan a fasa ƙwai, a matso shi ta bakin ƙarfe mai tsaga tsaga, kuma saɓanin lugaimat a mai mai sanyi ko ɗumi ake fara jefa shi sannan a kunna wuta ya hau a hankali. In kika jefa a mai zafi waje zai rufe, tururi ya taru a ciki ya fashe miki. Yana jure ajiya fiye da lugaimat nesa ba kusa ba.

Kuma dan Allah kar ki raina namu. Lugaimat kowane lungu akwai, daga manyan shagunan kayan zaƙi har masu baza kaya a bakin titi, gasa zaki yi da mutanen da kakanninsu ma shi suka yi. Amma wa yake yin alkaki mai kyau a Makka? Wa yake yin dubulan da cincin da funkaso? Goman ƙarshe ki dubi yadda mutanenmu na Najeriya da Nijar suke cika Misfala da titin Ibrahim Khalil, bayan kwana biyar suna cin shinkafar bukhari ba abinda suke marmari irin na gida, ga kuma bikin 'yan uwanmu mazauna nan da basa rabuwa da kayan gara. Alkaki da dubulan suna sati biyu basu canza ba, ba ruwanki da tseren magariba. Fanken naki ma da kika iya, ki barshi a fankensa ki sayar da sunansa, akwai masu nema.

Mai kuma, ki yi amfani da na masara ko na sunflawa ko irin na suya da ake sayarwa a manyan galan, duk suna yi. Man zaitun da man shanu ba na wannan aikin bane. Man gyaɗa yana jure wuta amma anan tsada gareshi kuma ƙamshinsa yana fitowa, Larabawa basu saba ba. Kaskon zaƙi daban na sambusa daban, ba abinda yake korar mai saye irin lugaimat mai warin albasa da nama. Kullum in ya huce ki tace da kyalle mai tsabta ki rufe, ɓurɓushin da ya rage a ciki shi yake ƙonewa gobe ya baƙanta shi. Idan kika ga ya fara kumfa mai yawa da bata kwanciya, ko ya yi duhu ya yi kauri yana danƙo a bakin kasko, ko yana hayaƙi tun wuta bata kai ko'ina ba, ya mutu, ki zubar, kuma tsohon mai yafi sabo shiga cikin abinci, wato rowar mai ma tana cikin abinda yake jawo shan man. Kar ki zuba a bututun wanke wanke zai toshe miki shi mai gida ya zo da magana, a galan zaki juye ki rufe ki kai shara. In Allah ya kiyaye kasko ya kama da wuta, kashe gas ki kifa murfi, ruwa ko ɗigo kar ya je wurin, lambar difa'ul madani, wato 'yan kwana kwana, 998 ce, a yankin Makka 911 ma tana shiga.

Abu na ƙarshe kuma ba na girki bane, baki faɗa min matsayin takardunki ba. In 'yar ƙasa ce ke, akwai tsarin da suke kira usar muntija na masu sana'ar gida, ki nemi rajista ki yi shahada sihhiyya wato takardar shaidar lafiya ki yi abinki da kwanciyar hankali. In igama gareki, wato takardar izinin zama ta baƙi, to ki tambayi wanda ya san doka abinda aka halatta miki kafin ki buɗe shafi ki fara talla da lambar waya, kuma ko yaya ne kar ki ɗauki tire ki tsaya bakin titi ko kusa da Harami, ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suna zagaye sosai a azumi, kwashe kayan suke ga tara a sama. Ki fara da maƙota da 'yan uwa da guruf ɗin unguwa, ana yin oda tun da safe kina sanin adadin da zaki kwaɓa.